Kwamfutar da Malam Ɗanlami Ya Bayar Tukuici

Ranar da muka kunna injin fim na Malam Ɗanlami a Makarfi ba ta taɓa fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Ku yaran yanzu da kuke danna kwamfuta faranti ya fito kai tsaye, ba ku san wuyar da muka sha ba, don haka bari in fara da bayani.

A da, kafin a buga kalanda ko katin biki mai kala, sai an fitar da hoton aikin a jikin fim, kowace kala da nata. A ɗora fim ɗin kan faranti a haska, farantin kuma shi ake ɗaura wa injin bugu. Duk Makarfi da Ikara da Kudan babu mai injin fim, sai an je Kaduna. Malam Ɗanlami, maigidana na farko, wanda ya koya mini riƙon takarda, a kan hanyar Kaduna ya tsufa. Ya kai aiki a ce babu wuta, ya dawo, ya koma ya tarar an juya masa rubutu. Kafin ya gama zirga-zirga, mai aiki ya gaji ya kai wani wuri.

Da maɗaba'un Legas suka fara rabuwa da tsofaffin injinansu, sai ya sayar da fadamar rakensa ta Nasarawan Doya, gadon mahaifinsa, ya sayi ɗaya. Na ce, "Maigida, fadamar nan fa ita ke riƙe da gidan." Ya ce, "Isiya, rake sau ɗaya ake sararsa a shekara, inji kuwa kullum ne. Wanda ya sayi fadamar ya ce zai jira ni. Injin nan zai dawo mini da ita."

A lokacin ina sana'ar gyaran injina a Zariya, kuma ni zan haɗa masa. Mun riga mun shirya ɗaki: an toshe tagogi da baƙin yadi don fim ba ya son haske, an yi sabon daɓe, an sa na'urar sanyaya ɗaki. Injin ya sauka ina Ikara kan wani aiki, sai ranar Juma'a na iso. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago, liman ya yi addu'a, ana raba waina, kowa na leƙawa yana cewa Allah ya sanya alheri.

Na tuɓe babbar riga na shiga aiki. Na kwance ƙarafan da aka ɗaure cikinsa da su saboda tafiya, na daidaita ƙafafunsa, na goge madubansa, na zuba sinadarin wanke fim. Da na kunna, ya ɗan yi gurnani, koriyar fitila ta kama. Wallahi lafiyarsa ƙalau, har na ji daɗi.

Sai na ce, "Maigida, ina kwamfutar da ta zo tare da shi?"

Ya yi murmushi, ya yaye wani ƙyalle a kan tebur. Sabuwar kwamfuta ce fil, ko ledarta ba a cire ba. Ya ce, "Ga wadda ta dace da shi. Waccan ai abin kunya ce. Ta yi ja kamar haƙorin mai cin goro, ga kashin ɓera a jikinta. Jama'a su zo ganin inji su ga wannan?"

Na ce, "To tana ina?"

"Na ba direba tukuici. Mutum ya kawo maka alheri tun daga Legas, sai ka sallame shi hannu rabbana?"

Irin wannan inji ba ya karɓar aiki daga kowace kwamfuta sai tasa. A cikinta akwai wani kati da wayar injin ke shiga, a bayanta kuma akwai ɗan abin da muke kira makulli, bai kai akwatin ashana ba. In babu su, injin ƙarfe ne kawai. Kamfanin da ke yin su kuma ya daɗe da dainawa.

Na ja shi gefe na faɗa masa a hankali, don akwai mutane. Ya ce, "Amma an ce mini wannan ta fi waccan ƙarfi." Na ce, "Ta fi ta, Maigida. Sai dai injin bai san ta ba."

Muka kira direba. Ya ce ai ko Zariya bai wuce da ita ba, ya sauke wa 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe a kan sikeli. Da sassafe muka je. Mun sami ƙwaryarta, wato akwatin jikinta, a cikin tarin ƙarafa, an farke cikin, babu komai. Mai wurin ya ce kayan ciki sun bi mota a buhu tun jiya, bai ma san inda za a sauke su ba. Na kwatanta masa makullin. Ya ce, "Wani ɗan shuɗin roba? Ai roba ba ta hawa sikeli, Malam. Da shara muke ƙona ta." Ya nuna mana juji da baki.

Malam Ɗanlami ya tsuguna a cikin tokar nan da farar rigarsa ta walima, ya ɗauki kara yana tonawa. Na ce masa mu tafi, bai ko ɗago ba. Na juya baya, don ba zan iya kallon wanda ya koya mini sana'a a haka ba.

Babu inda ban nema ba, Kaduna, Kano, har Legas. In an sami kati, babu makulli. In an sami makulli, na wani injin ne. Muna cikin nema fim ɗin da ya zo da shi ya lalace a kwali, sinadari ya mutu, Kaduna kuma ta koma injinan da ba su buƙatar fim kwata-kwata. Wanda ya sayi fadama ya jira iya jiransa, sannan ya kewaye ta da waya. Ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa kuke ganin ina masifa in an taɓa kayan da aka sauke. A sana'ar nan ba a zubar da ko tsumma sai mai haɗa inji ya iso, domin sau da yawa abin da ya fi muni a cikin kaya shi ke riƙe da sauran. Abin da ke ci mini rai shi ne, ba lalaci ya kayar da Malam Ɗanlami ba, ba kuma haɗama ba. Kunya ce da kyauta, halayen da muke yaba mutum da su.

Bara lokacin sarar rake na je gaishe shi. Ya koma buga katin suna da ƙaramin injinsa na da. Har yanzu duk Juma'a yana kunna babban, wai kada sanyi ya kama shi, koriyar fitila ta kama, ya zauna yana kallo. Da zan tafi ya jawo rake daga bayan ƙofa ya sara mini gaɓa. Ya ce, "Sha, Isiya, na fadamarmu ne. A kasuwa na gan shi, na gane shi, na saya."