Kanwar Kaka da Geron Rumbu

Wata shekara ina yaro mun sha wuya. Ruwa ya ɗauke da wuri a ƙauyenmu na wajen Rawayau, gero bai yi ba, sai wake. Ɗan geron da aka samu Baba ya zuba a rumbu ya rufe, ya ce na iri ne da na azumi, kada kowa ya taɓa. Wake da safe, wake da yamma, wani lokacin da ganyen tafasa. Ban fi shekara goma ba, cikina kullum a kumbure, ko zama mai kyau ba na iya yi.

Mu biyu ne yara a gidan, ni da Sale, ɗan ƙanwar Baba da ta rasu ta bar shi a hannun kakarmu. Bayan magariba Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta ta ɗora ƴar tukunya. Jar kanwa take jiƙawa, ta daka citta da kanumfari ta zuba, ta tafasa. Maganin yana aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Ka kurɓa da ɗuminsa, ta murza maka ciki da tafin hannu, sai gyatsa, iska ta fita, ka ji kamar an sauke maka dutse.

Amma kafin magani sai an yi tatsuniya, kuma ta iya. Wadda ta fi yi a shekarar ita ce ta kwaɗo da ƙadangare, da suka yi noma tare suka zuba a rumbu ɗaya. Kwaɗo ya riƙa bi ta ƙasa yana ci shi kaɗai. Da hatsi ya ragu suka kai ƙara wurin kunkuru, ya ce kowa ya kwanta rigingine a buga cikinsa. Na ƙadangare shiru. Na kwaɗo kuwa ya amsa kamar ganga. Shi ya sa har gobe kwaɗo a kumbure yake. In ta zo nan sai ta cika kumatunta da iska, mu yi ta dariya.

Daga nan ta ce, "To angwayena, ku kwanta in ji."

Ta ƙwanƙwasa cikin Sale. "Angona lafiya lau." Ta ƙwanƙwasa nawa. "Kai kuma mai ganga, mi ka ci a ɓoye?"

Wasa ne, har ranar da Baba ya leƙa rumbu ya ga an zare zangarniya daga damman. Ya zo ya tsaya a kanmu. "Inna, wa ke shiga rumbun nan?"

"Ni tsohuwa ina zan sani? Tambayi cikinsu."

Ta buga nawa a gabansa, ya yi ƙara. Ranar ciwon ya fi na kullum, har numfashi yana yi mini wuya. Ta zuba maganin a ƙoƙo ta riƙe a hannunta. "Faɗi gaskiya ka sha, mijina."

Na ce ni ne. Ta ba ni na sha.

Baba bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Bai ƙara aikena rumbu ba, sai Sale. Ko baƙo aka yi, in an ajiye abinci, sai ya dube ni. Da wannan kallon ya koma ga Allah.

Bayan an samu mulkin kai, na yi aure har da yara, na haɗu da Sale a kasuwar Dutsin-Ma yana sayar da hatsi. Ya saya mana wake da shinkafa, na ci kaɗan na dafe ciki. Ya kwashe da dariya.

"Har yanzu mai ganga? Allah ya jiƙan Kaka. Ka tuna kununta?"

"Wane kunu?"

"Au, ba ka sani ba? Ranar kasuwar Kurfi, in Kawu ya tafi da kai, ni take turawa cikin rumbu. Ta sussuke, ta daka, ta ɓoye garin. Kullum sai ta dama mini kafin a sauke wake."

Sai a lokacin na gane. Sale yakan ɗan taɓa wakensa ya ture mini akushi, ni kuma da yunwa in cinye nawa in haɗa da nasa. Dole cikina ya yi ganga, nasa ya yi shiru. Ita kuma ta san haka tun kafin ta ɗora hannu.

Na san maraya ne, na san tausayin ƴarta take ji. Da ta ce wa Baba ita ce, me zai yi wa uwarsa? Ba komai. Amma ta zaɓi ta ɗora wa yaro, da hannun da take murza masa ciki. Sale yana ta dariya, ni ko lomar da ke hannuna ban iya kaiwa baki ba. Baban da zan je in gaya wa cewa ba ni ba ne, yana cikin ƙasa.

Washegari da safe na sayo kanwa da citta da kanumfari, na miƙa wa mai ɗakina. Na ce duk yaron da cikinsa ya kumbura a gidan nan ki dafa ki ba shi, kada ki tambaye shi komai.