Malam Habu, Mun Bar Ka a Rana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, da sanyin safiya, Allah ya karɓi ran Malam Habu, mai haƙar kabarin ƙauyenmu a ƙasar Kiru, bayan jinyar kwana shida.

Malam Habu, shekara talatin da ɗoriya kana haƙa wa mutanen garin nan makwanci. Ba ka taɓa tambayar masallacin da mamaci yake salla ba. Tsawonsa kawai kake nema, ka karyo karan dawa ka auna. Da mahaifiyata ta rasu da damina, sau biyu ruwa yana cika ramin, kana kwashewa da ƙwarya kana ce mini, "Idris, koma wajen baƙi, wannan aikina ne."

To, ga sakayyar da muka yi maka. An gama shirya ka tun kafin azahar, aka ajiye makara a gindin darbejiyar ƙofar gidanka, sai gardama ta ɓarke. Mutanen masallacin kasuwa suka ce ba za su bi limamin da ke sakin hannu a salla ba. Na tsohon masallaci suka ce su ma ba za su bi mai kama hannu ba. Kai kuwa inda kiran salla ya riske ka nan kake shiga, saboda haka kowane ɓangare ya ce kai nasa ne. Har inuwa ta janye daga kanka ana ta jawo littattafai. Wallahi raina ya ɓaci. Wai wannan ne riƙo da aƙida! Ni dai taurin kai na gani an naɗa masa rawani. Mutum ya haddace hujja tsaf, ya manta akwai gawa a rana.

Sai da matarka Saude ta aiko daga cikin gida: "A gaya musu in ba za su sallace shi ba, su dawo mini da mijina inuwa." Kowa ya sunkuyar da kai. Ƙaninka Uba, wanda ba malamin kowa ba ne, ya shige gaba ya yi kabbara. Aka bi shi sahu uku, wasu hannu a ƙirji, wasu a sake, kuma ba abin da ya samu kowa.

Allah ya ji ƙanka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Saude, Uba da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka tsaya muna kallo har awa biyu, Malam Habu, Allah ya yafe mana.