Buhu Ɗaya na Abba Naga

Faɗan da muka yi da Abba Naga a kan gahawa ne, kuma a cikin ɗakina, a kan ɗanyar ciyawar da na shimfiɗa da hannuna. Mu maƙwabta karɓa-karɓa muke yi, yau a sha a wannan gida, gobe a wancan, ranar kuwa layi ya zo kaina. Ya kurɓi finjalin farko, ya taɓe baki, ya ce a gaban kowa:

"Uwar Temam, na ji har kun buɗe buhu na biyu. Sha kuke yi ko wanka? Ni buhu ɗaya nake ajiye wa Dureti, ya kai mu wata kakar. Kuma ku ɗanɗana tata ku ji."

Na ce, "To ajiye mini finjalina ka je can ka sha. Mutumin da ko wuta bai iya hurawa ba, shi ne zai zo yana leƙa mini buhu!"

Ya ce bakina ya fi gahawata ɗaci. Na ce da zai ba ni gemunsa da na huta neman tsintsiyar murhu. Saura ƙiris in fasa ƙwan, sai matarsa Dureti ta matse mini cinya ta ƙarƙashin mayafi, har wurin ya yi shati. Na haɗiye maganata.

Abin da kowace mace a unguwar ta sani shi ne, babu buhun da ke kai shekara. Da sassafe, in ya tafi gona, Dureti takan ɗebi sha'ir, irin wanda ake soyawa a ba baƙi su taɓa baki da shi, ta ƙona shi baƙi ƙirin ta zuba a gindin turmi a bayan ɗaki. In baƙi sun taru, ta wanke gahawa a gabansu, ta soya, ta zagaya da kasko kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya sa albarka. Sannan ta zaga baya ta daka su tare. Mu mata tun kurɓar farko muke ganewa. Maza kuwa, in hira ta yi daɗi, ko ruwan toka ka sa wa gishiri za su sha su gode.

Abba Naga ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. A ƙarƙashin itatuwan gahawar da ubansa ya dasa aka haife shi, can ya tsufa. Ya san kowace bishiya kamar 'yarsa. Ba ya tsinkar ɗanya, sai wadda ta yi ja, kuma bai taɓa jiƙa kaya don su yi nauyi a kasuwar Agaro ba. Da gahawar nan ya yi rufin kwano, da ita ya sa 'yarsu Radiya a makaranta har ta zama ungozoma a Jimma. Aibinsa ɗaya, in ya yanke magana ya yanke. Tun yana ango ya ce buhu ɗaya ya ishi gida, sauran na kasuwa ne. Dureti ba ta musa ba. Shekara ta zagayo buhu bai ƙare ba, sai ya ɗauka Allah ne ya sa wa hannun matarsa albarka. Ya riƙa faɗa a masallaci, a wurin biki, har a gidan rasuwa.

Dureti ta rasu da damina, itatuwa na cike da 'ya'ya kore shar. Ciwon bai ja ta ba. Da aka share makoki, Radiya ta yi ta fama ya bi ta birni, ya ƙi. Mu kuma muka cire gidansa daga layi, tunda gidan da ba mace ba a kiran gahawa a cikinsa. Muka ce ya riƙa zuwa namu.

Ranar da layin marigayiya ya zagayo, sai ga tsohon nan ƙofa-ƙofa yana kira, "Ku zo ku sha gahawa."

Muka je, don ba a ƙin kira. Ya shimfiɗa ciyawa, ya sa turaren wuta har muna tari, ya durƙusa a gaban murhu da gwiwoyinsa masu ƙara. Rabin kaskon ya ƙone, rabi ɗanye. Jabana, tulun dafa gahawa, ta tafaso ta kashe masa wuta. Ya tsiyaya tun gari bai kwanta ba, muka sha muna tauna. Maza suka sunkuyar da kai don kunya. Makida, wadda gidanta ke jikin nasa, ta miƙa hannu za ta karɓi tulun, ya janye.

"Layin Dureti ne," ya ce. "Ba na ba da shi aro."

Na ce, "Abba Naga, in kashe mu za ka yi, ka bari mu yi wasiyya."

Bai rama ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Ya koya kuwa. Mutum ne mai naci. Kafin a fara tsinka, ya iya juya kasko, ya san lokacin da ƙwaya ke fitar da maiƙo, ya san yadda ake jingine jabana ta huce. Gahawarsa ta zama mai kyau, tsantsa, ta fi ta kowa a unguwar. Amma duk ranar da ya kurɓa sai ya ajiye finjalin ya girgiza kai.

"Ba ita ba ce."

Ya ƙara gishiri, ya rage. Ya sa man shanu. Ya canza itacen wuta. Ya bar rijiya ya koma ɗebo ruwa a idon ruwan da take zuwa, can ƙasan kwari, yana hawowa yana haki. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Me take sawa?" Kowacce ta ce hannu ne kawai. Wa za ta tona abin da mai shi ta rufe har kabari?

Sai buhu ya ƙare, shekara ko rabi ba ta yi ba.

Makida ce ta zo ta gaya mini ya daina cin abinci. Na same shi da hantsi a ƙofar ɗaki, buhun a kan cinyarsa, ya juya cikinsa waje. Ya rame har hula ta yi masa yawa.

Ya ce, "Uwar Temam, ke ba kya ɓoye magana. Albarka ba ta tashi daga gida haka kawai. Da fushina ta tafi, ko? Ta ɗauke abinta."

Na ce, "Kai dai da surutun banza."

"Ina roƙa mata gafara kullum. Ban san abin da zan roƙa ta yafe mini ba."

Na tsaya ina kallonsa. Na san abin da Dureti ta matse mini cinya a kansa, amma ba ta yi haka don ya mutu yana zaton ta tsine masa ba. Na koma gida na ɗebo gahawa tafi ɗaya da sha'ir tafi ɗaya. Na ce ya hura wuta, tunda yanzu ya iya. Na zauna a kujerarta. Na soya gahawar na juye. Sannan na zuba sha'ir a kaskon, a gabansa, ina juyawa har ya yi baƙi.

"Kin ƙona abin taɓawa," ya ce.

Na jawo turmi daga bayan ɗaki zuwa gabansa, na haɗa na daka. Da jabana ta huce na tsiyaya masa, na sa gishiri ɗan tsunke.

Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Hawaye na bin gemun nan suna ɗiga.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko."

"Kowa ya sani?"

"Mata dai."

"Ni kuwa ina ta yawo da baki." Ya dubi itatuwan da ke bayan shinge, rassansu sun sunkuya da kaya. "Ga ta nan fal. Buhu ɗaya kawai za ta ce in ƙara. Me ya hana ta faɗa?"

"Ka taɓa yanke magana aka ɗaga?"

Can ya ce, "Ita tana son ta haka?"

Da na iya ƙarya da na yi a nan. Na ce, "A'a. Tsantsa take so, mai kauri, da man shanu. In ta matsu, gidana take zuwa in dafa mata."

Ya rufe fuska da buhun nan. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kuka ba, ba ƙara, sai kafaɗu. Na ƙara ruwa a jabana na mayar kan wuta, don ba a tashi sai an sha zagaye na uku, na albarka. Muka sha na biyu. Da na miƙa masa na ukun, ya riƙe bai kai baki ba.

"Uwar Temam, don Allah. In ta zo gidanki, kuka take yi da ni?"

Amsar da na ba shi ita ce maganarmu ta ƙarshe. Washegari Makida ta aika wa Radiya, ta zo da mota ta ɗauke shi, wannan karon bai yi gardama ba. A can Jimma ya cika, gahawarsa tana shanye a tsakar gida ba a kai ga ɗaurewa ba.

Na ce, "Ta zage ka, mana. Wace mace ce ba ta zagin mijinta a ɗakin ƙawarta? Amma duk ranar da ka tashi cikin taro ka yabi hannunta, da gudu take shigowa ta maimaita mini, kalma bayan kalma, tana rufe baki tana dariya kamar budurwa. Har na gaji da ji. Sha abinka kafin ya huce."