Wasiƙar da ta Jira Makoki

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita a raina ba, cikin duk shekarun da na yi ina aikin gidan waya a Kafanchan. Damina ce, shekara biyu bayan an fara kashe naira. Lokacin ina ƙaramin akawu, ni ke riƙe da kantar rajista. Ga waɗanda ba su tarar da zamanin ba, wasiƙar rajista ita ce wadda ba a jefa ta a akwati, sai an sa hannu a littafi an buga mata hatimin kwanan wata kafin ta bar hannunmu.

Mutanen ƙauye ba su da akwatin kansu. Akwatin coci kowa ke amfani da shi, dattijo ɗaya ya zo da keke ya kwashe na gari duka, ran Lahadi bayan sujada a raba. Na wata ikilisiya a Madakiya, Baba Dogara ne ke zuwa. Tsoho ne mai tsabta da son raha, kullum sai ya tsokane ni wai fuskata kamar ta mai karɓar haraji.

Ranar nan ya shigo ba raha, da wani saurayi a bayansa, idanu jawur. Sunansa Istifanus, ɗan jami'a ne a shekara ta biyu, kuma shi ne na farko a danginsu da ya kai can. Ya miƙo mini takarda na karanta. An kore shi ne saboda bai zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba, kuma bai nemi izini a rubuce ba. An aiko masa cewa mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah, sai ya faɗa wa abokin ɗakinsa kawai ya kama jirgin ƙasa. Uban bai tashi ba. A ƙasan takardar an rubuta cewa yana da kwana ashirin da ɗaya daga ranar da ta same shi ya roƙi a sake duba hukuncin.

Na buɗe littafina, na ga Baba Dogara ya karɓe ta kwana talatin da huɗu da suka wuce. Na tambaye shi ina ta tsaya.

Ya ce, "Malam, gidan yana makoki. A wurinmu ba a kai wa mai kuka wani kaya kuma. Na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki na, na ce takarda ba doya ba ne, ba zai ruɓe ba."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi masa faɗa. Sai na tuna tsufansa, na haɗiye.

Istifanus ya riga ya rubuto roƙonsa. Ya matso ya yi ƙasa da murya, ya ce abu ɗaya yake nema, in juya hatimina baya da mako biyu in buga wa ambulan ɗin. Lambobin hatimin da yatsa ake murza su, aikin ƙiftawar ido ne. Ba zan ɓoye muku ba, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na ɗauki hatimin ina jujjuya shi. Daga baya na ajiye, na ce su jira, na shiga wurin shugabanmu, wanda muke kira Oga Fosmasta.

Oga ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko na manta cewa gidan wayar garin jami'ar ma za su buga nasu hatimin ranar da jakar ta sauka daga jirgi. Wace wasiƙa ce za ta yi mako biyu a tafiyar yini ɗaya? Yaron da ake zargi da gudun jarrabawa sai ya koma maƙaryaci, ni kuma in koma gida noman citta. Ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Ya sake duba takardar korar, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. "Daga ranar da ta same shi suka ce. Yaushe ta same shi?"

Na ce, "Jiya, ranka ya daɗe, bayan sujada."

"To, rubuta haka."

Na zauna gaban tafireta. Na buga shaidar cewa Baba Dogara ne ya sa hannu a matsayin wakilin akwatin coci, da ainihin ranar da ya karɓa, Oga ya sa hannu. Na buga bayanin Baba kamar yadda ya faɗa, na karanta masa da Hausa, ya dangwala yatsa. Washegari suka kawo takardar fastonsu mai tabbatar da ranar jana'iza. Muka haɗa da roƙon, na buga hatimin ranar da muke ciki, aka aika wa magatakardan jami'a.

Da aka kira Istifanus gaban kwamiti, Baba ya rantse sai ya bi shi, shi da bai taɓa wuce Kaduna ba. Da ya dawo ya ba ni labari a kanta, wai ya tsaya gaban manyan malamai ya cire hula ya ce in kora ce shi za a kora, yaro bai san komai ba. Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce ai sai an ɗauke shi karatu tukuna.

Amsa ta zo bayan mako shida, Istifanus ya zo da kansa ya buɗe ta a gabana. An janye korar, zai maimaita shekarar, tare da gargaɗi. Ya zauna a kan bencinmu ya rufe fuska da takardar. Na yi farin ciki ranar nan kamar ƙanena ne.

Tun daga lokacin, duk wakilin ƙauyen da na miƙa wa wasiƙar rajista sai na faɗa masa da baki cewa wannan ba ta jiran Lahadi. Mutanenmu ba mugunta ke sa su irin wannan ba, kara ce, ita kuwa takardar hukuma ba ta san kara ba, mu na kanta ne ke tsakaninsu. Ku kuma da ke riƙe da hatimi yanzu, ku sani malaman nan ba su san ni ba, ba su san Oga ba. Sun yarda da shaidarmu ne don ba a taɓa jin an murza hatimin nan baya ba. Da na murza shi ranar, da takardar da na buga ba ta fi ta ƙunshe ƙosai daraja ba.