Huɗu a Gaban Sunan Bu Warsinah

Ranar Talata da hantsi ne jadawalin ya gama fitowa, Tegar ya ga huɗu a gaban sunan Bu Warsinah (Bu, wato Malama). Huɗu kacal a shekara guda. Watansa uku da gama jami'a, kuma wannan ne aikin farko da Pak Hartoyo (Pak, wato Malam), shugaban ƙungiyarsu ta masu rubuta manhajar kwamfuta, ya damƙa masa: ya zaro daga shafin manhajar yawan sharhin da kowane mai duba faci, wato gyaran manhaja, ya rubuta, a kai wa kwamiti rahoto. Duk wanda bai kai hamsin ba, za a karɓe masa mabuɗin amincewa da faci.

Manhajar ta ƙananan asibitocin ƙauye ce, kyauta take, kowa na iya rubuta gyara ya turo, shi ne faci. Shekara goma sha ɗaya Bu Warsinah tana duba su daga ɗakin bayan shagon ɗinkin mijinta a garin Salatiga na Indonesiya. A da malamar lissafi ce, sai da ta haura arba'in ta koyi wannan aiki. Ba ta taɓa rubuta kuskuren yaron da ya turo faci inda duniya za ta gani ba. Waya take kiransa ko ta tura masa saƙo shi kaɗai, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, sannan ta ce, "Le, ɗana, sake duba layi na talatin." In ya gyara, ta danna amincewa ba tare da ko kalma ɗaya ba. Shi kuwa inji, abin da aka rubuta a fili kawai yake ƙirgawa.

Tegar ya hau babur ya same ta tana ɓare dafaffiyar gyaɗa.

"Bu, saƙonninki suna nan a wayoyinmu. Mu kwafe mu zuba a shafin, kafin Juma'a kin wuce ɗari uku."

"Da sunayenku?"

"Ba ya karɓa sai da suna."

"Wato in tsira da mabuɗina, in shanya wandunan yara arba'in a bakin titi? Masu ɗaukar aiki suna karanta shafin nan, Le. Ci gyaɗa."

Ana haka Pak Hartoyo ya kira, ta buɗe muryar wayar.

"Mbak, yayata, don Allah, ko 'madalla' ne ki bi ki rubuta a ƙarƙashin kowane faci. Lamba kawai suke so."

"Hartoyo, kai ne yau kake koya mini dubawa? Sau nawa na kira ka a ɓoye tun kana da gashi a ka? Ka ƙirga wannan ka kai musu."

"Za su karɓe mabuɗin fa."

"Su zo su karɓa. Huɗun ma sun yi yawa, ranar raina a ɓace yake."

Tegar ya tura rahoton ranar Alhamis, bai taɓa lambar ba. Sai dai a ƙarƙashin jadawalin ya ƙara sakin layi ɗaya da sunansa: cewa facinsa na farko ya kusa ninka awon maganin jarirai, Bu Warsinah ce ta kama shi ta waya, kuma jadawalin nan bai san da wannan ba. Ya san duk wanda zai ɗauke shi aiki zai iya karantawa.

Kwamitin ya zauna Juma'a. Yau Litinin, ba su ce komai ba tukuna.