Gonar Isiyaku Gola

Gonata da ta Isiyaku iyaka ɗaya suke, a bayan unguwarmu da ke gefen Nariya, saboda haka a labarinsa ni ganau ne, ba jiyau ba. Da mahaifinsa muka taso. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka raba gado, Isiyaku ya tashi da gona guda, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, babu dutse babu kwazazzabo, irin wadda ba kasafai ake samu a ƙasar Kibiya ba. Wannan kyan nata shi ya ja mata.

Tun yana saurayi yake tsaron raga. Dogo ne, mai manyan hannuwa, ba ya tsoron faɗuwa ƙasa, kuma ba shi da yawan magana. Sunan Gola ya bi shi har gidan surukansa a Saji, inda ya auro Laraba, suka haifi 'ya'ya uku. Kada wani ya ɗauka rago ne. Na sha fitowa gona da sassafe in tarar har ya yi nisa da kunya. Abin da yake nomawa a wannan gona, dawa da masara, shi ne abincin gidansa daga kaka zuwa kaka, ba shi da wata sana'ar.

Da samarin unguwa suka kafa kulob, suka sa masa suna Guguwa, sai aka rasa wurin wasa, don filin firamare duk duwatsu ne. Isiyaku ya ce idan an yi girbi a zo gonarsa, ai da rani zaman banza take yi. Haka aka shekara da shekaru ana yi: rani ƙwallo, damina noma. Abin da aka fara rasawa shi ne taki. A da Bappa, makiyayin da ke zaune a gabas da mu, yakan kwantar da shanunsa a gonar duk rani, su bar mata kashi. Samari suka ce ba za su yi gudu a cikin kashin shanu ba, aka ba Bappa haƙuri, ya koma da garkensa gonata. Ni na ci riba, amma wallahi ban ji daɗi ba.

Majalisar 'yan ƙwallo teburin Haliru mai shayi ne, kuma ni ma can nake karyawa, don haka kunnena ya sha. Shugabansu Uzairu ne, mai shagon cajin waya, wanda tafiyarsa mafi nisa Zariya ce, amma ya san farashin kowane ɗan wasa a Ingila kamar shi ne dillalin. Sai ka ji ana ta da jijiyar wuya a kan ko wane ya cancanci kuɗin da aka saye shi, ko wancan kulob ɓarnar dukiya yake yi, ko wa zai ƙare a saman teburin gasa. Mutum ya kasa sa ƙwai a shayinsa, amma yana rantsuwa cewa an yi wa wani attajiri tsada a Turai.

Kullum musun a gida yake ƙarewa. Akwai gasar ƙauyuka da ake yi tsakaninmu da su Saji da Zinyau da wasu unguwanni na Rano da Kibiya, kuma kowane kulob yakan yi karo-karo ya ɗauko 'yan haya daga Kano su buga masa. Uzairu ya tsaya a kan cewa kuɗi ke cin kofi. Haliru yakan ce masa, yana fifita shayi tsakanin kofuna biyu, "Ɗan haya ba ya karya ƙafarsa don garin da ba nasa ba." Idan aka zo kan Isiyaku kuwa, sai Uzairu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan ba shi da farashi. Ku nuna mini golan da ya zo wa kulob da filinsa a duk duniya." Isiyaku sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wannan maganar ta fi masa komai daɗi, kuma sun sani.

Shekarar da abin ya faru, gasar ta makara. An tsaya don azumi, sannan aka yi dambe a wasan Zinyau, aka dakatar da komai har sai da manya suka shiga tsakani. Kafin a dawo, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Guguwa kuwa ba ta taɓa kai inda ta kai ba: tana ta biyu a tebur, Saji na gabanta da ɗan maki kaɗan, kuma wasannin da suka rage yawancinsu a gida ne.

Ruwan shuka ya sauka wata safiya, mai yawa, har ƙasa ta jiƙe da kyau. Duk wanda ke da gona ya fita. Na ga Bappa ya koro shanun huɗa ya tsaya a bakin gonar Isiyaku, kamar yadda suka saba, don a kan layi Isiyaku ne na farko. Sai ga Uzairu da mutanensa, sun riga shi.

"Gola, mako biyu kawai," in ji Uzairu. "Ba a taɓa cin mu a filin nan ba. In muka koma wasa a gidan mutane, kofi ya tafi. Damina ai yanzu ta fara."

Bappa ya dubi Isiyaku ya ce, "Ɗana, in na wuce yau, sai na gama da kowa kafin in dawo kanka. Kuma ƙasar da aka tattake tana da danshi, in ta bushe ko garma ba ta shigarta."

Ni ma na tsoma baki, don na ga uban yaron nan yana zufa a wannan gona. Na ce, "Isiyaku, ba a fafe gora ranar tafiya. Su nemi wani filin. Uzairu shago gare shi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba sai an yi cajin waya. Kai fa?"

Ya daɗe yana kallon sandunan raga. Sannan ya ce, "Baba, na yi shekaru ina jiran wannan. Mako biyu ba za su kashe ni ba." Bappa ya juya shanunsa zuwa gonata.

Mako biyun nan suka ja jiki suka zama abin da Allah kaɗai Ya sani. Yau an ɗage don ruwa, gobe alƙalin wasa ya tafi gonarsa, shi da yake da hankali. Dawata ta tsiro, ta yi ganye, na yi noman farko, ƙwallo tana faɗowa cikinta ana tsallakowa ana karya mini shuka. Gonar Isiyaku kuwa ana ta kirɓa ta da takalma a jiƙe, rana ta fito ta gasa ta. Laraba ta same ni a hanyar rijiya, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, ka yi masa magana. Irin da na ɓoye har ya fara ƙwari. Ni in na yi magana sai ya ce saura wasa ɗaya." Na yi masa, har na yi masa faɗa irin wanda ubansa zai yi. Ya ce saura wasa ɗaya.

A teburin Haliru ba wanda ya ambaci shuka. Lissafin maki kawai ake yi: in Saji ta yi kunnen doki, in mu muka ci, in Zinyau ta taimaka. Da aka zo wasan ƙarshe, wanda shi zai raba gardama da Saji, sai musun ya canza salo. Wani ya ce Gola ya fara tsufa, ƙwallon ƙasa tana wuce shi. Uzairu ya ce a irin wannan wasa ba a duba ido, manyan kulob ma ajiye tsohon gola suke yi su sayo sabo. Aka yi karo-karo, aka ɗauko wani yaro daga Kano ya tsare raga. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Isiyaku ya kalli wasan a zaune a kan iyakar gonata, sanye da rigarsa ta gola. Guguwa ta ci ɗaya da nema. Samari suka ɗaga ɗan hayan sama suna zagaya filin da shi, Isiyaku ma ya tashi ya tafa, na gan shi da idona. Abin ya ba ni haushi har na kasa cin tuwo a ranar. Kofin yana shagon Uzairu har yau, a kan kanta.

Da Bappa ya dawo da shanu, garma ta riƙa zamewa kamar a kan daɓe. Lokacin dawa da masara ya wuce, sai wake Isiyaku ya shuka, yana sara da fartanya rami-rami. Ruwa in ya sauka ba ya shiga ƙasar, gangarowa yake yi gonata. Gonar da ta daɗe ba ta ga taki ba, ga tattaka, ga ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Abin da ya roro bai cika buhu ba. Ya yi ƙwadago a gonakin mutane, na ba shi dami daga nawa, Bappa ma ya aiko, amma kyauta ba ta riƙe gida shekara.

Bayan girbi surukinsa ya aiko daga Saji cewa a kawo masa 'yarsa da jikokinsa su zauna a wurinsa har Allah Ya kawo wata daminar. Ba saki ba ne, ba yaji ba ne, babu wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ciwo. Ƙanin Laraba ya zo da babur, ya yi sawu biyu. Ina tsaye tare da Isiyaku a ƙofar gida lokacin da aka ɗora ƙaramar a gaba, tana tambaya ko babanta zai biyo su. Ya ce mata zai zo.

Ƙurar babur ɗin ba ta gama kwantawa ba sai ga Uzairu, da fara'arsa, ya zo maganar sabuwar kakar wasa. Ya ce ya biyo ta filin yanzu. "Gola, bana mun huta," in ji shi. "Kowace shekara sai mun sha wahalar tone tushiyar kara kafin a fara wasa. Bana ko guda ɗaya babu. Ranar Juma'a ma za a iya bugawa."

Na ɗaga sandata zan kai masa duka, Isiyaku ya riƙe mini hannu. Ya ce wa Uzairu, "Ku buga." Washegari ya rufe ɗakinsa, ya kawo mini makulli, ya hau motar Kano neman aikin leburanci.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina gonata ina tara kara, na ji an busa usur.