Shinkafar Muhsina

Marka ce ke tuƙa tuwo a gidan abincin Atine, bakin tashar Anka. Nan nake cin na rana, nan kuma na santa. Mutuniyar Tungar Daji ce. Bayan rasuwar mijinta ta taho gari neman na sabulu, ta bar ɗanta na fari, Hudu, da matarsa Rashida da 'yarsu Muhsina. Ba ta faɗin sunan Hudu saboda alkunya, sai dai ta ce "wancan".

Ta daɗe tana ciyar da mutane, amma ba ta taɓa yarda cin abincin saye dabara ba ne. In magidanci ya zauna kan benci, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wanga ko ba shi da murhu a gida?"

"Marka, rufa mani asiri," in ji Atine. "In kowa ya koma murhunsa, ni da ke mi za mu ci?"

"Ni dai a wurina asara ce. Ko Mujahid da ke gwauro, asara yake yi."

Ni ne Mujahid ɗin. Dariya kawai nake yi.

Shekarar da aka gano gubar dalma a ƙauyuka, maganarta ta canza. Hudu na haƙar zinare, kuma a turmin gida ake daka dutsen, a ɗauraye, a zuba gero. Masu aikin lafiya sun ce ɗauraya ba ta fid da gubar. Rashida ta ce turmin aurenta ne, kuma ita ba ƙazama ba ce. Muhsina ta fara rama, tana yini kwance.

Marka ba ta iya yi wa suruka faɗa, ba ta iya zaunar da ɗan fari. Sai ta soma sayen shinkafa da wake a wurin Atine, daga ladan aikinta, ta zuba a kula ta ba Makau mai kabu-kabu ya kai wa Muhsina.

"Yau ke ce da sayen abinci?" Atine ta tsokane ta.

"Tukunyarki ba ta san dutse ba, Hajiya. Ko nawa ne, ya yi araha."

Kullum kular na dawowa da dunƙulen fura a ciki, don ba a mai da kwano wayam. Marka kan haƙa rami bayan rumfa ta binne furar, ko kaji ba ta bari su taɓa.

Wata Laraba ina cin tuwo Makau ya shigo da kular. Marka ta tare shi.

"Ta ci da yawa?"

Makau ya sosa ƙeya. "Inna, ai ba ita ke ci ba."

"To wa?"

"Rashida ta ce abincin birni ne, kuma daga hannun uwar miji ya fito, ba a ajiye ma yarinya a ƙasa. Maigida take kai mawa, shi da abokan haƙarsa. Suna ta sa maki albarka."

"Ita fa?"

"Fura ake dama mata."

Marka ta buɗe kular, ta tsaya tana kallon furar. Tuwo na kama tukunya ba ta motsa ba, sai Atine ce ta karɓi muciyar.

"Ki tai ki ɗauko yarinyar mana," in ji Atine.

"In ce da su mi? Uwarta ba ta iya riƙo ba?"

Atine ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Washegari na iske ta tana cika kula biyu. Ta miƙa wa Makau a leda, ta nuna ƙaramar.

"Wagga ta Muhsina ce. Ka ce na ce."

"In sun haɗa duka su kai mashi fa, Inna?"

Ta ɗaure bakin ledar, ta sake ɗaurewa.

"Ka dai kai," ta ce, ta koma bakin murhu.